Na riƙe hannun Kawu aka farfasa shi saboda ya naɗe ƙuri'arsa

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kamasho ne a tashar Nyanya, ina lodin motocin da ke shiga gari. Ina da murya, ina da ƙirji, ga zuciya irin wadda ba ta jira a gama magana. In na daka tsawa a tashar nan har direbobi sai sun waiwayo, kuma a lokacin gani nake wannan abin alfahari ne. Ɗaki ɗaya muke zaune a Jikwoyi da wani dattijo ɗan garinmu, wanzami, wanda nake kira Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shi ya karɓe ni ranar da na sauka Abuja da leda ɗaya a hannu, shi ya matsa mini a tabarmarsa, shi ya kai ni wurin ogan tasha ya tsaya mini. Yana da benci a gindin wani mangwaro a bakin tasha, nan yake yi wa direbobi da 'yan dako aski da gyaran fuska. Ban taɓa jin askarsa ta yanki wani ba.

Da zaɓe ya matso, shugaban ƙasa yana neman zarcewa a wa'adi na biyu, ni na ɗauki abin da zafi fiye da kima. Mun yarda mutumin dattijo ne mai riƙo da tarbiyyar iyaye da kakanni, ba ya son shashancin zamani, kuma shi zai tsare mana mutunci da gonaki. Duk wanda ya kawo zancen tsadar abinci, ko 'yan bindigar da suka fara leƙa ƙauyukanmu, sai in ce masa munafuki ne, a bar bawan Allah ya ƙarasa aikinsa. Aka naɗa ni shugaban matasa na rumfar zaɓenmu, aka ba ni riga da hula, kaina ya ƙara kumbura. Kawu kuwa bai taɓa cewa uffan a kan siyasa ba. In na dawo ina kumfar baki, sai ya ci gaba da wasa askarsa, ya ce in ci abinci tukuna. Wannan shirun nasa ya riƙa cina a rai, har na fara zarginsa.

A rumfarmu mun tsiro da wata ɗabi'a. Duk wanda yake namu, in ya dangwala, kafin ya jefa a akwati sai ya ɗaga takardar sama ya juyo da ita wajenmu, mu ga inda yatsansa ya sauka, mu yi masa tafi. Mun san doka ta hana, amma wa ya isa ya yi magana? Ma'aikatan zaɓen baƙi ne, tsoro ya cika musu ciki. Ranar zaɓe tun da hantsi muka jeru a gefen layi da gorori da guntayen katako, wai tsaron ƙuri'a muke. Mutanen garinmu mazauna unguwar suna ta ɗagawa muna tafi, har layi ya zo kan Kawu. Ya shiga, ya dangwala, ya fito yana naɗe takardarsa a tsanake kamar yadda yake naɗe tsumman askarsa. Na ƙwala masa kira na ce ya ɗaga mu gani. Ya dube ni, ya jefa ta a akwati, ya juya zai tafi.

Wani a bayana ya yi dariya ya ce ashe maigidan shugaban matasa ma an saye shi. Wallahi kunya ce ta fara kama ni, kafin ta juye ta zama wuta. Na tsallaka na sha gabansa, na ɗaga muryar nan tawa ta tasha na ce, "Maci amana!" Kalmar nan kaɗai suke jira. Suka rufar masa, wani ya zabga masa gora a baya, wani ya yi masa ƙafa ya faɗi, hularsa ta yi gefe aka tattake ta. Bakinsa ya fashe, jini ya ɓata farar rigar da ya sa don ranar. Yana ta salati, bai roƙi kowa ba. Da a ce tsayawa na yi ina kallo, da na sami abin faɗa wa kaina. Amma ni na sunkuya na cafko hannunsa na dama, wanda tawada ke jikin babban yatsan, na ɗaga shi ina nuna wa mutane cewa ga yatsan da ya sayar da mu. Ina riƙe da wuyan hannun wani ya sauke masa katako, sau biyu. Na ji karyewar ƙasusuwan a cikin tafin hannuna. Har yau in na riƙe wani abu da ƙarfi sai na ji ta.

Wasu mata masu sayar da ƙosai ne suka ja shi suka sa a keke mai ƙafa uku suka kai shi asibiti. Ni ban je ba. Da aka ce ɗan takararmu ya ci, na hau saman mota ina kaɗa riga daga Nyanya har Karshi. Daga baya na ji an yanke babban yatsan, biyu kuma sun sandare ba sa lanƙwasuwa. Kafin a sallame shi na kwashe kayana daga ɗakin kamar ɓarawo. Na yi ta jiran 'yan sanda su zo, ba su zo ba. Ashe da aka tambaye shi cewa ya yi bai ga fuskar kowa ba. Bencinsa ya daɗe a gindin mangwaron nan babu kowa, har wani ya ɗauke.

Shekarun da suka biyo baya kowa ya san yadda suka kasance. Gonakin da muka ce za a tsare mana, a cikin tamu aka harbe ƙanena yana noma, da rana tsaka. Aka ƙone rumbunanmu, mahaifiyata ta gudu da zani ɗaya, ta koma kwana a ajin wata makarantar firamare. A tasha, waɗanda muka riƙe gorori tare su ne suka fi kowa tsine wa gwamnati. Kowa sai ya ce ya yi nadama, yana faɗa yana shan shayi. Ni ma na yi nadamar ƙuri'ata, ba na ɓoyewa. Amma ƙuri'a takarda ce, in wani zaɓen ya zo sai ka gyara. Abin da na yi da hannuna ne ya hana ni sakat.

Bara na daure na nemi Kawu. Na same shi a Idu yana gadin wani sito, yana jan ƙofar ƙarfe da hannun hagu. Gemunsa ya yi buzu-buzu, mutumin da ya yi shekaru yana gyara fuskar jama'a. Na durƙusa a ƙasa. Shi ya fara magana, ya yi mini ta'aziyyar ƙanena, ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Da na sami bakin magana sai na yi wata wautar, na ce shi ne ya hango gaskiya da ya ƙi zaɓen mutumin nan, mu ne muka makance. Ya dube ni kamar yadda ya dube ni ranar.

Ya ce, "Ai shi na zaɓa, ɗana. Ni ma shi na dangwala wa. Ɗaga maka takardar ne ban ga dalili ba."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kashe ƙanena. Ya bari na gama, sannan ya ce ya yafe mini tun yana gadon asibiti, amma yana roƙona kada in ƙara zuwa, domin in ya gan ni hannun ciwo yake yi masa. Na tashi na tafi, ban kuma koma ba.

Edita, na rubuto ne saboda na ga an fara raba riguna da huluna a tasha, na ga samari masu murya irin tawa suna karɓa. Ku zaɓi wanda kuke so, ku yi nadama daga baya in ta kama, wannan ba a kanku aka fara ba. Amma kada ku ɗaga hannu a kan kowa saboda ɗan siyasa. Wanda na yi wannan aika-aika dominsa bai san da ni ba, bai san da Kawu ba, ya gama mulkinsa ya koma gidansa da yatsunsa goma. In kun ga dattijo a layi ya naɗe takardarsa, ku matsa ku ba shi hanya. An gaya mini Kawu ya ce in Allah ya kai mu zai fito zaɓe, da hagu zai dangwala, kuma naɗewa zai yi.