Tsohuwar da Jirgin Ziyara Ya Bari a Tasha

A shekarun da muka zauna a Giza ta ƙasar Masar, ƙofarmu na kallon ƙofar wasu 'yan Indiya, mata da miji. Maigidana kullum yana unguwar Darrasa wajen karatu, sai bayan la'asar yake dawowa, ni kuma na jingine nawa karatun saboda goyo. Mijin maƙwabciyata injiniya ne a wata masana'anta a bayan gari, tun da sassafe motar ma'aikata ke ɗaukarsa. Mu biyu muke wuni a benen.

Da gaisuwa kawai muke a bakin matakala, sai ranar da gas ya ƙare min ina tsakiyar tuƙa tuwo. Na sungumi tukunyar na ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta bar ni na ƙarasa a kicin ɗinta, tana tsaye tana kallon yadda nake fama da muciya, tana dariya. Larabcinta guntu-guntu ne, Turancina ma haka, amma muka riƙa haɗawa, sauran mu ƙarasa da hannu.

Addinin Hindu take bi. A kusurwar falonta akwai 'yar kanta da ƙananan gumaka da fitilar mai. Farkon shigata nakan ba wajen baya. Ta lura, sai ta riƙa ajiye min kujera ta wajen taga.

Tana da ciki a lokacin, ya tsufa. Kafin shi ta sha yin ɓari, har likita ya hana ta ko shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari. Mahaifiyarta, tsohuwar malamar firamare da ke zaune a kudancin Indiya, ita ta ɗaukar wa kanta alkawari: za ta bi jirgin masu ziyara, a kowane ɗakin bauta ta roƙa wa 'yarta sauka lafiya.

Maƙwabciyata ce ta yi min bayanin jirgin. Na ƙasa ne, an keɓe shi don masu ziyara kaɗai. A ciki suke kwana, a ciki ake dafa musu abinci marar nama. Idan ya tsaya a gari sai motoci su kwashe su zuwa ɗakunan bauta, su dawo, jirgi ya ci gaba. Yana tashi daga kudu ya nausa arewa, har kogin Ganga inda suke wanka. Yawancin fasinjojin tsofaffi ne. Tare da matan unguwarsu tsohuwar ta tafi.

Kullum da hantsi sai tsohuwar ta kira ta bidiyo, maƙwabciyata ta ƙwala min kira, "Habibti, yalla, zo ga Mama!" In ɗauko ɗana in shiga. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, gashi fari fat, da tabarau mai kauri, haƙorinta ɗaya na gaba a karye. Bayanta ana ganin gadaje hawa-hawa, an shanya zannuwa a kansu, mata na tafi suna waƙa. Ba na jin ko kalma ɗaya ta yarensu, amma tana ganin ɗana sai ta kumbura kumatu, shi kuma ya yi ta ƙyalƙyala. Ta nuna mana giwa a ƙofar wani ɗakin bauta. Ta nuna mana ƙafafunta da suka kumbura saboda tsayuwa a layi ba takalmi. Wata rana ta tambayi 'yarta sau biyu ko ni wace ce, alhali jiya ta gan ni. Muka yi dariya, muka ce gajiya ce.

Sai wata safiya ba ta kira ba. Maƙwabciyata ta kira, wata mata daban ta ɗauka. Ina zaune ina kallon fuskarta tana sauraro. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye wayar a kan cikinta, ta ce min da Larabci, "Mama ta sauka."

"Ta sauka ina?"

"Ba su sani ba."

Jirgin ya ɗan tsaya a wata tasha bayan gari ya waye. Wata daga cikin abokan tafiyarta ta ce ta gan ta da gorar ruwa a hannu ta nufi ƙofa. Wata ta ce a'a, a tashar da ta gabata ne. Kowa ya ɗauka tana wani taragon wajen ƙawayenta, sai da aka zo rabon karin kumallo aka ga ba ta. Wayarta da jakarta da tabaranta duk suna kan gado. Kuma a arewa ne, inda ba a jin yarenta, ita ma ba ta jin nasu.

Wannan ne ya fi tsaya min a rai. Na tuna farkon zuwana Masar, ranar da na sauka daga motar haya a inda ban sani ba, ina tambaya da Larabcin littafi mutane na kallona suna murmushi. Ni da ƙuruciyata, da adireshi a baki, sai da na yi kuka. To ina ga tsohuwa da ba ta gani sosai?

A ranar ne yayan maƙwabciyata da ke Indiya ya faɗa mata abin da ya ɓoye. Tun bara mahaifiyarsu ta fara mantuwa. Ta taɓa fita kasuwa ta kasa gane hanyar gida. Ya ƙi faɗa ne don kada hankalin mai ciki ya tashi, kuma ya kasa hana tsohuwar tafiya, don ta ce ko da rarrafe sai ta cika alkawarinta.

"Saboda ni ta tafi," in ji maƙwabciyata. Na ce mata ma'alish, wato ba komai, don ita ce kalmar da ta zo bakina. Na ji kunyar kalmar tun kafin in rufe baki.

Ta so ta tafi, likita ya ce babu jirgin saman da zai ɗauke ta a haka. Mijinta ya tafi, ya yi abin da hutunsa ya ba shi dama, ya dawo da fuska a zabge. Jirgin ziyarar kuwa bai fasa komai ba. Ya kai su kogin, matan unguwa suka yi wankansu, suka koma gida da jakar tsohuwar.

Ta roƙe ni in yi mata addu'a irin tamu. Na tambayi maigidana, ya ce, "Roƙa wa wanda ya ɓata a gan shi, wa zai hana ki?" Na yi ta yi, a kowace sujada.

Yayan ya ajiye aikinsa yana bin tashoshi, da asibitoci, da gidajen da ake tara tsofaffin da ba su da kowa. Shi ya daina amincewa da idonsa, duk tsohuwar da ya gani sai ya turo hoto. Daga baya 'yan sanda ma suka riƙa turowa, nasu kuma ba duka masu rai ba ne. Bayan maƙwabciyata ta ga na farko ta yi amai har ta kasa tashi. Daga nan idan saƙo ya shigo sai ta miƙo min wayar ta juya kai.

"Duba min, habibti. Kin san fuskarta."

Haka na zama mai dubawa. Ban taɓa sanin akwai tsofaffin da aka rasa masu su da yawa haka ba. Wasu a kwance kan siminti, wasu an aske musu kai, wasu an lulluɓe su an bar fuska kawai. Ina neman karyayyen haƙori, idan baki a rufe yake in duba goshi da kunne. In ce, "Ba ita ba ce." Ta sauke numfashi, kuma ban taɓa gane ko na sauƙi ne ko na ƙarin nauyi ba. Akwai guda ɗaya da na daɗe ina kallo, fuskar ta kumbura, ruwa ya taɓa ta. Na nuna wa mijin maƙwabciyata da ya dawo daga aiki. Shi ma ya daɗe, ya ce bai sani ba. Kafin yayan ya isa garin an riga an ƙona gawar, kamar yadda suke yi.

Ta haihu lafiya, mace. Ni na fara yi wa jaririyar wanka da suka dawo gida, na dama wa uwar kunun kanwa kamar yadda ake mana. Ta sha don kada in ji ba daɗi. Tana shayarwa tana kallon bango. Matar mai gadin gidan ta hau da guɗa, ta ga yanayin ɗakin, ta sauka da sauri.

Da jaririyar ta yi ƙwari suka tafi Indiya. Ta bi hanyar jirgin da kanta, tasha bayan tasha, da goyo a kafaɗa. Ta dawo ta rame, muryarta ta dishe. Ta ce dangi sun rabu biyu, wasu na cewa a yi wa tsohuwar bikin mutuwa don ranta ya huta, wasu na cewa ba a yi wa mai rai. Ita da yayanta sun daina magana.

"Da wani zai zo ya ce min ta mutu, ya nuna min wajen," ta ce, "da na sumbaci ƙafarsa."

Ba a jima ba aka mayar da mijinta wata ƙasa. Na taya ta ɗaure kaya, ta bar min tukwane biyu da tabarmar roba. A bakin mota ta rungume ni, ta ce khalas, shi ke nan, ta gaji. Mukan gaisa jefi-jefi har yanzu. 'Yar ta shiga makaranta. Tsohuwar ba a gan ta ba, ba a kuma yi mata bikin mutuwar ba.