Gwangwanin Madam a Kan Zinariya

"Ruwan sha ma yanzu ƙamshin anasara yake yi a gidan nan!"

Muryar Mijinyawa ce ta ƙetaro katanga. Balkisa na tsugune a tsakar gidanta tana wanke latas ɗin da za ta kai kasuwa. Ba ta ɗaga kai ba, sai dai ta rage motsin hannu don kada ƙarar ruwa ta hana ta ji.

"Ba cikin randa na sa shi ba, maigida, gindinta na aje," in ji matarsa Zinariya. "Jan-baki narkewa yake in bai samu sanyi ba."

"To jan da ke bakin moɗa fa?"

"Wancan na shekaranjiya ne. Ba shi da kyau, na bar shi."

"Na kwaso gajiya tun daga Faraku, na yi sallama a gidana, wata mata mai fuskar toka ta fito. Na ce Zinariya na ciki? Ta ce ai ita ce!"

"Hoda ce. Ita ma na bar ta."

Daga nan sai ƙarar cokali a kwano. Balkisa ta san faɗan ya ƙare, don Mijinyawa ba ya iya haɗa masifa da tuwo.

Zinariya ƴar Dogondutsi ce. Ta biyo mijinta Yamai ana saura kaɗan a samu mulkin kai, shi shofer ne, yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Yamai da Faraku ta ƙasar Dahome, ita tana kitso a gindin dogon yaro a unguwar Gamkale. Zabarmancinta bai wuce gaisuwa da ciniki ba, Hausar Balkisa kuma ta kasuwa ce, amma katanga ɗaya ta ishe su zumunci.

Da anasara suka soma tattara nasu ya nasu, kayan kwalliyar da aka yo wa matansu oda suka gangaro daga manyan kantuna zuwa teburan bakin kasuwa, ana sayar da su kamar gyaɗa. Mata suka yi ta saye, su kawo wa Zinariya ta shafa musu bayan kitso. Ita kuwa tana da doka: duk abin da bai taɓa jikinta ba, ba zai taɓa jikin mai kitso ba. Ta gwada hodar da ke mayar da mutum kamar ya faɗa murhu, ta gano in an haɗa ta da ɗan garin jar ƙasa tana zama ta mutane. Ta gwada man gashi mai ƙamshin lemo, kiyashin unguwa suka yi taro a matashinta. Ta gwada jan-bakin da ke bin haƙora. Hukuncinta gajere ne kullum. "Wannan na ɗaukar hoto ne, ba na shiga rana ba." Matan unguwa kan jira hukuncin kafin su saya.

In an tambaye ta, sai ta ce amana ce. Balkisa ta yarda da rabin maganar. Ta sha leƙowa ta tarar da ita riƙe da ɗan madubi, an gama gwaji tuni, amma madubin bai sauka ba. Makitsiya a bayan mutane take zama. Tun tana ƙarama ƙeyar mata take kallo, su tashi a yaba musu, ita ta karkaɗe zane ta kira ta gaba. Da Zinariya ta yi kwalliya haka kawai, da an ce matar shofer ta ɗauki rawar kai. Da sunan gwaji kuwa, ko liman ba shi da ta cewa.

Babbar mai kitsonta ita ce Madam Aïchatou, matar wani babba a buro, wato ofishin gwamnati, wadda ta yi karatun lakwal a Dakar. Inda Madam ta kai kanta, nan matan ƴan buro ke kai nasu, kuma su ne masu riƙe da tukunyar Zinariya in kamyo ya lalace a hanya. A shekarar nan wata ƴar Dahome ta buɗe ɗakin gyaran gashi a cikin gari, da kujera da madubi mai tsawon mutum. Wasu daga cikin matan sun riga sun koma can. Madam ce ba ta motsa ba tukuna.

Ana gab da bikin cikar shekara biyu da samun mulkin kai, Madam ta zo da wani gwangwani mai hoton mace tana murmushi, gashinta kwance kamar jelar doki. Ta ce a tebur ta same shi da araha. Man miƙar da gashi ne, shi take so a sa mata ranar rawar da za a yi wa manya.

"In ba ki iya ba ki faɗa mini, Zinariya, ba komai. Ƴar Dahome ta iya."

"Mi za ya gagara, Madam? Mai ne, kai ne."

"To ki ajiye mini a wurinki. Gidana yara sun yi yawa."

Balkisa, da ta shigo aron taɓarya, ta san gidan Madam akwai kabad mai makulli. Ta san kuma duk Gamkale ba wanda bai san dokar Zinariya ba. Bayan tafiyar Madam ta ce, "Yaya, ajiya aka ba ki ko aiki?"

"Na sani," in ji Zinariya, tana juya gwangwanin. Idonta na kan hoton.

Washegari da hantsi Zinariya ta buɗe gwangwanin. Farin abu ne mai kauri, yana warin sabulun salo. Rubutun jikin gwangwanin ba wanda ya karanta, don ba mai karantawa a gidajen biyu. Amma Zinariya ta san aikin abin da ake shafawa a jira ya kama: lalle ne babbansu, kuma lalle haƙuri yake so. Ta tsaga kanta biyu, ta laɓta wa ɓangaren hagu, ta rufe da ganyen tumfafiya, ta ɗaure da tsumma yadda ake ɗaure ƙafar amarya. Sannan ta zauna tsinar shinkafa.

Ba a jima ba Balkisa ta ji an daina waƙa a bayan katanga. Ta zagayo. Zinariya na zaune, hawaye na gangara, hannunta bai bar shinkafa ba.

"Yaya, lafiya?"

"Yana kamawa."

"Ki wanke mana!"

"Ke kin taɓa ganin kitson da ya yi kyau bai yi zafi ba?"

Ta daure har aka kira azahar. Da suka kwance tsumman, Balkisa na zuba ruwa, gashin na bin ruwan zuwa cikin kwarya, a miƙe sarai kamar na hoton. Zinariya ta tsamo wani ta duba a rana.

"Man na da kyau," ta ce. "Kan ne bai riƙe ba."

Balkisa ta shafa mata man kaɗe a fatar da ta saluɓe. Ta ba ta shawara ta ɗaura kallabi ta ce wa Madam gwangwanin ya kife. Zinariya ta ƙi shawarar. In ta ce ya kife, Madam za ta sayi wani ta tafi cikin gari, sauran matan su bi ta.

Ranar biki Madam ta iso da tawul ɗinta. Kafin ta zauna, Zinariya ta zame kallabi. Dama kitso tsaf, hagu kamar bayan tukunya. Madam ta matso ta duba da kyau, yadda ake duba yadi.

"Ashe na gaske ne," ta ce. "Na yi tsoron ko sun cika shi da alli. Har yaushe kika bar shi?"

"Hantsi zuwa azahar."

"Innalillahi! Zinariya, ai ba ya wuce shan shayi kofi guda! Kowa ya san wannan."

"Ban da Gamkale, Madam."

"Da kin tambaye ni."

"Ajiya kika ce."

Madam ta gyara zaman agogon hannunta, ta zauna a tabarma, ta miƙa kai. Zinariya ta koma bayanta, inda ta saba. Ta shafa man kaɗe a goshi da bayan kunne, don ta san yanzu inda abin ke fara ci. Ta tsaga, ta laɓta, ta taje.

Da Madam ta dubi agogo ta ce a wanke, Zinariya ta tashi ta nufi randa. Balkisa na riƙe da kwarya tana kallonta. Ta ga ta cika moɗa, ta tsaya. Ba abin da take nema. Tana tsaye ne kawai, moɗa a hannu, tana kallon ƙeyar Madam.

"Zinariya, ya fara zafi fa!"

"Ga ni nan, Madam. Ruwan nake dubawa."

Ta zo ta wanke. Gashin ya kwanta har wuya, ba ko ɗaya a cikin kwarya. Madam ta daɗe da ɗan madubin, ta ce jibi za ta turo matar mai gidan waya da ƙanwarta, su ma irin wannan suke so. Ragowar gwangwanin ta bar wa Zinariya kyauta.

Balkisa ba ta taɓa tambayar abin da aka duba a ruwan ba. Zinariya ma ba ta faɗa ba.

Mijinyawa ya dawo ya ga kan, sai ya nemi tuwonsa. Da zai koma Faraku, ya rataya jaka ya fito, Balkisa na shara a ƙofar gidanta. Zinariya ta biyo shi har bakin ƙofa, kallabi a karkace ya rufe hagu.

"Maigida, an ce can ƙasa wajen Faraku akwai gashin da ake sayarwa a ɗora a ka kamar hula. In ka gani ka kawo mini. Kada ka sayi mai tsada."