Baffa Dursun da Zobban Gonar Ƙaninsa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ana gab da azahar, muka ji shela daga hasumiyar masallaci cewa Allah ya yi maka rasuwa, Baffa Dursun. Ina cikin shagon shayina a lokacin, kuma tun kafin ladan ya ƙarasa na san inda aka same ka. A gindin tsani, cikin gonar ceri ta ƙaninka Ramiz, almakashin aske rassa na hannunka.

Shekara ashirin ba ku yi wa juna magana ba, kai da Ramiz, tun rabon gadon mahaifinku. Ya karɓi gonar tudu, ya tafi Beljiyam ya bar ta ga ciyawa. Gonar da babu mai kula kuwa gidan malam-buɗe-littafin nan ne mai ruwan ƙasa, wanda ke jera ƙwai ya zagaye reshe kamar zobe a yatsa. Bara da ɗumi ya shigo ƙwan suka fashe, gizaka ta cinye ganyen gonar tas, ta tsallaka shinge ta shiga ta Bekir mai zuma. Bekir bai tsinki ceri ko kwando ɗaya ba. Fesa magani kuma ba ya yiwuwa lokacin fure, don ƙudan zumarsa ne za su mutu.

A shagona aka yanke hukunci, kana zaune a kusurwa. Bekir ya buga tebur ya ce, “Wallahi bana idan na ga tsutsa ɗaya, zarto zan sa wa itatuwan nan, in ya so Baturen Beljiyam ya zo ya kai ni ƙara!” Dagaci bai hana shi ba. Kai kuwa sai da ka shanye shayinka, ka kife kofin, sannan ka ce, “Babana ya dasa su, Bekir. Ka bar zartonka ya huta, kai ma ka huta, hawan jini gare ka.”

Daga ranar, duk safiyar hunturu sai mu hango ka da tsani a kafaɗa. Aikin ba shi da wata dabara sai ido da haƙuri: ka bi reshe ɗaya bayan ɗaya, ka gano zoben, ka yanke, ka tara a buhu, ka ƙone kafin su fashe. Mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, ga ciwon gwiwa. Mun tsokane ka, mun ce wanda kake wa bauta ko gaisuwar Sallah ba ya aiko maka. Ka ce itatuwan ba su san an yi faɗa ba. Haka kake dama. Kai ne ka gyara wa matar marigayi Shukru rassan gonarta shekara da shekaru, in ta kawo maka cuku ka ce haƙoranka sun ƙi. Taurin kanka ya sha ba ni haushi, kuma yau shi nake kewa.

Sai ɗumi ya yi saurin zuwa bana. Ƙanƙara ta narke tun ba a shirya ba, tohon ceri ya fara kumbura, layukan saman tudu kuma ba ka kai gare su ba. Matarka, Inna Nazmiye, ta ɓoye tsanin, ka je ka ari wani. Ƙasa ta yi laushi da ruwan narkewa, ƙafar tsanin ta nutse.

Ramiz ya iso bayan an rufe ka. Ya shiga gida ana raba alewar makoki, ya durƙusa zai sumbaci hannun Inna Nazmiye, ta janye. Ta ɗauko almakashinka ta ɗora masa a tafi. “Ba na son kukanka, Ramiz,” in ji ta. “Yayanka bai gama ba.”

Jiya na hau tudun na ga Ramiz a kan tsani da takalmin birni, yana yanke rassa masu lafiya don bai san zobe ba. Sai ga Bekir da zarto a hannu. Ya daɗe yana kallo. Can ya jingine zarton da shinge, ya riƙe ƙafar tsanin, ya ce wa Ramiz, “Ba wannan ba, Baturen banza, na saman kanka. Buɗe idonka!” Amma bai mayar da zarton gida ba, yana nan jingine har yanzu.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Nazmiye da 'ya'yanta, da Ramiz, wanda nasa rashin ya fi ƙarfin bakina. Allah ya jiƙanka, Baffa Dursun, ya yafe maka, ya sanya ka a inuwar da ba ta kaɗe ganye. Mu da muka saba roƙon ɗumi kowace shekara, bana muna roƙon Allah ya ƙara mana kwanakin sanyi, ko ƙaninka ya kai layin ƙarshe kafin ƙwan su fashe. Amin.