Igiyoyin da Na Yanke a Garejin Ɗanliti

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, jim kaɗan bayan azahar, ina tsaye a kantin maganin da nake aiki a Alexandria ta ƙasar Amurka, aka bugo mini waya cewa Allah Ya yi wa Injiniya Ɗanliti Isiyaku rasuwa yana da shekara hamsin da takwas. Kafin in isa wurin motata mutum uku sun kira ni, kuma dukkansu da tambaya ɗaya suka fara: rokar da yake haɗawa ce ta fashe da shi? Ba roka ba ce. Zuciya ce ta buga masa a wurin aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Amma tambayar ta tona irin kallon da muka daɗe muna yi maka, Ɗanliti, kuma ni ne a sahun gaba.

Shekara ashirin da biyu ke nan da ka ɗauko ni daga filin jirgi. Ba ka san ni ba, wani ne a Zariya ya ba ka sunana. Ka same ni da 'yar shara da hula a tsakiyar watan Janairu, haƙorana na kaɗawa, ka cire rigar sanyinka ka yafa mini, ka ce, "Malam Munzali, nan garin ba a yi wa sanyi jarumta." Wata biyu na kwana a falonka. Sana'arka gyaran na'urorin ɗumama manyan gine-gine ce, saboda haka duk gidan Bahaushen da hita ta mutu, daga Hyattsville har Fort Washington, lambarka ake nema. Ka zo da akwatin kayan aikinka, ka durƙusa a ƙasan gida har sai ɗumi ya dawo, abin da kake karɓa kawai shayi ne, shi ma sai ka yi ƙorafin an cika sukari.

Abin da ba mu taɓa fahimta ba shi ne garejinka. Mutane suna ajiye mota a gareji, kai ka fitar da taka tana kwana a waje shekara tara, ka shigar da jirgi. Jirgi ne mai fukafukai, tsawonsa bai wuce na kwalekwale ba, ba mutum a ciki, roka ce za ta cilla shi sama. Burinka ya kai nisan kilomita ɗari, inda ka ce daga nan ake lissafin an fita sararin samaniya, sannan ya juyo da fukafukansa ya sauko lafiya. Ka sa masa suna Shamuwa, wai don ita ma takan tafi ta dawo. Ka ce tun kana yaro kana haɗa motar kara a Tudun Wada, ba ka taɓa yin wadda ba ka sa mata fiffike ba.

Mu kuwa muka sa maka Ɗan Sama Jannati. Ni na raɗa sunan, a wani taron suna a Hyattsville, aka yi ta dariya har da masu ƙwarewa da shinkafa. Duk Sallah sai na tambaye ka ko an fara sayar da tikiti, a ajiye mini kujerar kusa da taga. Ba ka taɓa yin fushi ba. Sai ka gyara tabarau ka ce, "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba." Mutum biyu ne kawai suka ɗauke ka da gaske: Masawudu, mai walda ɗan Kumasi, wanda yake zuwa kowace Asabar da akushin wake da shinkafa, da kuma 'yarka Tayyiba, wadda ta tafi jami'a karatun injiniya saboda wannan garejin. Sau da yawa ka ce in shigo in gani. Kullum a bakin ƙofa nake tsayawa, in leƙa, in saki wata maganar, in wuce falo.

A watan azumin bana ka gaya mini cewa an ba ka gurbi a taron masu irin wannan sha'awa da ake yi a hamadar Nevada cikin watan Satumba, kuma takardar izinin harbawa ta fito. Fuskarka kamar ta wanda aka ce masa matarsa ta sauka lafiya. Na ce Allah Ya sa a dawo da kai da yatsu goma.

Ranar Alhamis da hantsi muka kai ka makwancinka. Da muka dawo gidanka na Fort Washington, mata sun cika falo da ɗakin girki har kan matakala, maza kuwa muna tsaye a kan ciyawa, sama ta haɗa hadari. Kowa ya san zaman makoki ba a cakuɗa maza da mata, ga dattawa da suka taso tun daga New York ba wurin zama. Sai na ce a buɗe gareji. Ban tambayi matarka Hajiya Sadiyya ba, don na ga bai dace a dami mai takaba da zancen wurin zama ba. Masawudu ya koma Hyattsville ɗauko tukwanen abinci. Tayyiba tana ciki wurin mahaifiyarta.

Da ƙofar ta ɗaga, muka tarar da Shamuwa a kan wasu katakai a tsakiya, fukafukanta a jingine gefe da gefe ba a manne su ba. Ga siraran igiyoyi an ɗaure daga bango zuwa bango, sun fi ashirin, wasu da 'yan dalma a rataye suna nuna ƙasa. Daɓen kuwa duk zane-zanen fensir ne da alli da lambobi. Ni abin da na gani datti ne da tarkace a inda za a yi salla. Na ɗauki almakashi a kan teburinka na bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Mu shida muka ɗaga jirgin, da ladabi ƙwarai, har wani na cewa a yi a hankali kayan marigayi ne, muka jingine shi a bango, muka tara katakan a lungu. Sannan na sa aka kawo ruwa da sabulu aka wanke daɓen tas, aka shimfiɗa darduma. Mun yi azahar a nan, mun yi maka addu'a, ina jin na yi abin kirki.

Masawudu ne ya fara gani. Ya shigo da tukunya a hannu, ya tsaya cak, ya ajiye ta a ƙasa a hankali. Ya ce, "Alhaji, wa ya taɓa wurin nan?" Na ce ni ne, ai kayan duk suna nan, ko ƙusa ba ta ɓata ba. Ya ce, "Wata biyar muna saita fukafukan nan da Maigida. Jibi Asabar za mu manne su." A nan ya bayyana mini abin da da na taɓa shiga garejin sau ɗaya da na sani. Igiyoyin su ne ma'auni. Idan fiffike ya karkace ko da kaurin takarda ne, a irin gudun da jirgin zai yi, murɗewa zai yi ya wargaje a sama. Kuma kai ba ka rubuta gyare-gyarenka a littafi, a daɓe kake rubutawa, daidai ƙarƙashin kowace dalma, don ka ce ƙasa ba ta ɓata. Abin da muka wanke ke nan.

Bayan la'asar Tayyiba ta fito gaida dattawa. Ta durƙusa, ta karɓi gaisuwa, sannan idonta ya kai kan jirgin a jikin bango, ya dawo kan dardumar da muke zaune. Ta ɗaga gefen darduma ɗaya, ta ga siminti fes. Ta daɗe a haka. Ita da ko gaisuwa da Turanci take amsawa, ranar da Hausa ta ce mini, "Ba komai, Baba Munzali. Ba ku sani ba." Wallahi da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Rashin sani ya fi dare duhu, haka ne, amma nawa rashin sanin ni na zaɓe shi, shekara tara ina tsaye a bakin ƙofa.

Ita da Masawudu sun yi sati shida suna ƙoƙarin mayar da saitin daga hotunan da ke cikin wayarka. Lambobin ba su fito ba. Ranar Litinin da ta wuce ta rubuta wa masu taron cewa Shamuwa ba za ta zo bana ba, kuma ba ta san ko za ta zo baɗi ba. Na nemi gafarar Tayyiba, ta yafe. Na nemi ta Hajiya Sadiyya, ta yafe. Wanda aikin nasa ne, wanda ya kamata in durƙusa a gabansa tun kafin almakashi, da hannuna na zuba masa ƙasa da safiyar ranar da na yanke igiyoyin.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Ɗanliti, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya ɗumin da ya mayar wa gidajen mutane ya zama nauyi a mizaninsa, Ka ɗaukaka shi zuwa Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Sadiyya da Tayyiba, da 'yan uwansa na Zariya, da Masawudu wanda ya fi mu sanin abin da aka rasa. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Mu da muka rage, Allah Ya yafe mana abin da muka ɓata da sunan gyara, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Munzali Haruna
Alexandria, Virginia