Saƙon da Muka Kai Dapaong

Mun fita daga Sokode ana idar da sallar asuba, ni da wani dattijo aminin mijin ƙanwata. Ku da kuka saba bin labaran tafiye-tafiyena kun san yawanci yadi da atamfa ke fitar da ni, in dawo ina ƙorafin tsadar kaya. Wannan karon jakata ba komai sai riga ɗaya da darduma. Saƙon mutuwa muka ɗauka zuwa Dapaong.

Ƙanwata, wadda muke ciki ɗaya, ta rasu tun kafin azumi. Babban ɗanta soja ne. Ba zan faɗi sunansa ba, aikinsu ba ya son haka. Soja yaran unguwa ke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Lokacin da abin ya faru yana wata ƙasa can cikin hamada, cikin dakarun da aka tura taya yaƙi da masu ta da ƙayar baya. Da aka dawo daga maƙabarta dangi suka zauna, da ni a ciki, aka yanke cewa ba za a gaya masa ba. A wurinmu ba a faɗin mutuwar uwa ta waya, balle ga wanda ke riƙe da bindiga yana bin hanyar da ake binne nakiya. Aka ja wa kowa kunne kada ya sa hoto ko ta'aziyya a waya. Sai aka tuna da mahaifinsa. Tsohon nan bai iya ɓoye magana ba. Ko akuya zai sayar maka, shi zai fara nuna maka ƙafar da take ɗingishi. Don haka aka karɓe wayar gidan aka ba ƙanwar Soja. In ya kira, ita za ta ɗauka, ta ce Inna ta je ƙauye duba 'yar'uwa, Baba kuma yana masallaci.

Da wa'adinsu ya cika aka dawo da su, muka ɗauka za a ba shi hutu ya zo a gaya masa a tsakar gida kamar yadda ya dace. Sai aka wuce da su arewa kai tsaye saboda halin da ake ciki a bakin iyaka. Mahaifin nasa kuwa ciwon ƙafa ba ya barinsa doguwar tafiya, abin ya faɗo kaina a matsayin kawu. Aka haɗa ni da dattijon saboda an san ni da saurin baki.

Motar da muka samu a tasha ƙaramar bas ce, wadda aka ɗora wa kaya har tsawonta ya ninka. Ni aka ba kujerar da ke kan inji, kafin mu kai Bafilo na gasu ta ƙasa. Damina ta zo ƙarshe, ko'ina kore shar, mata sun jera sabuwar doya a bakin titi da arha mai ban haushi ga wanda ba sayayya ya fito ba. A dutsen Aledjo, inda hanya ke hawa tana murɗawa, muka tarar da wata babbar mota mai zuwa Burkina ta gaza, an danne tayoyinta da duwatsu, yaran motar sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi suna dafa shayi. Direbanmu ya yi musu sannu ta taga, ya ce tun wancan zuwan nasa suna nan.

A Kara muka sha koko da ƙosai. Nan dattijon ya fara biya mini tsarin da ya shirya. Ba za a ce komai ba sai yaron ya ci ya ƙoshi, domin wanda ya ji mutuwa ba ya ƙara duban abinci. Bayan nan shi zai ɗauko zancen ƙaddara, ya bi ta kan annabawa, ya gangaro kan cewa jikin Inna ya ɗan matsa, sannan a hankali a kai inda za a kai. Ni aikina in yi shiru. Ya maimaita wannan kashi na ƙarshe har ya fara ba ni haushi. Amma gaskiya na ji daɗin shirun da aka ɗora mini, domin tun da muka tashi nake juya kalmar a bakina, ta ƙi zama.

Daga Kante ƙasa ta fara buɗewa, duwatsu suka koma baya, gonakin dawa da auduga suka miƙe. Shingayen bincike kuma suka yawaita. A sauko, a nuna katin shaida, a taka da ƙafa a wuce shingen, a jira mota. Da can in na ga soja a hanya ɓata lokacin da zai yi mini kawai nake gani. Ranar nan fuskokinsu na riƙa kallo. Yawancinsu ba su kai Soja shekaru ba, wani ma gemu bai gama fito masa ba. Ɗaya ya duba katina ya ga Sokode, ya gaishe ni da Kotokoli, yaren garinmu, ya tambaye ni ko an yi ruwa a gida.

A Mango kogin Oti ya cika ya batse. Masu kifi suka yanyame motar, dattijon ya sayi busasshe, ya kuma sanar da duk fasinjoji cewa sunan garin na asali daga kalmar sansani ya fito, wato kakanninmu ne suka raɗa shi. Wata mata 'yar ƙabilar Moba ta ce to tun da garin kakanninsa ne, ya sa a rage mata kuɗin kifin. Aka yi dariya, ni ma na yi, sannan na ji kunyar dariyar.

Mun shiga Dapaong rana ta karkata. 'Yan zem, wato masu haya da babur, suka kwashe mu zuwa zango, unguwar Hausawa, gidan wani dillalin shanu da dattijon ya sani tun suna samari. Garin na nan da hayaniyarsa, kasuwa cike da tumatir da albasa da zabi a cikin kwanduna, sai dai kowa yana gama abin da yake yi da wuri, kuma in motar soja ta wuce hira takan tsaya har ta ɓace. Mai masaukinmu ya ce kasuwannin shanu na ƙauyukan gabas sun ragu ƙwarai, makiyaya da yawa sun gangaro wajen Gando da dabbobinsu. Na kira Soja na ce mun zo duba shanu, muka ce bari mu gan shi. Ya ce zai nemi izini. Bai tambayi me mai sayar da atamfa zai yi da shanu ba.

Washegari bayan azahar ya iso a kan zem, cikin kayan gida. Ya yi baƙi, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya durƙusa ya gaishe mu, aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa da naman zabo. Dattijon ya harare ni, na kama bakina. Don kada shiru ya yi yawa, na ce ya ba mu labarin can.

Na zaci zan ji harbe-harbe. Ya ce yawancin aikin jira ne. A tashi a share yashin da iska ta tara a bakin tanti, a goge bindiga, a yi gadi, a jira umarni, umarnin ya zo a ce a ƙara jira. Ruwa da awo ake ba su, mutum ya zaɓa ko wanka ko wankin safa, taimama kuwa ta zama abin yau da kullum. Kifin gwangwani ya ci har ya ce ko a mafarki ya gan shi zai juya baya. Wani abokinsa ɗan garin Bassar ya zo da yaji a gora, suka riƙa lallaɓa shi kamar magani. Ranar sintiri kuwa, tafiyar da mota za ta yi kafin shayi ya huce sai ta cinye musu yini, domin wasu ne ke gaba da ƙafa suna duba ƙasa. In suka ga inda yashi ya yi laushi fiye da na kusa da shi, kowa ya tsaya cak. Hausarsa ta zango ta yi masa rana a kasuwannin can, har ya zama shi ake turawa sayen albasa da gawayi. Sai dai ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne, wanda ya sayar maka da rago yau, ba ka san inda zai kwana gobe ba, shi ma bai san me ka zo yi ƙasarsu ba.

Na tambaye shi waya fa. Ya ce akwai wani tankin ruwa a sansanin, a kansa kaɗai ake samun layi, har jerin gwano ake yi. Kowa ya hau abu ɗaya yake faɗa: lafiya lau, muna ci muna sha. Ko jiya aka binne na kusa da kai, haka za ka ce. Saboda kowa ya san yadda ake wannan ƙaryar, sai suka ƙware wajen gane ta a bakin mutanen gida. Ya ce su a can ba sa tsoron kiran da aka cika su da ƙorafi. In ana gaya maka rufin ɗaki na yoyo, awakin maƙwabta sun cinye shanya, wance ta yi fushi ba a gaishe ta ba, to gida lafiya. Inna kuwa, in ta karɓi waya, sai katinsa ya ƙare a kan awakin nan.

Dattijon ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗauko ƙaddara daga farko. Soja ya saurara da ladabi har ya kai kan Annabi Ayuba. Sannan ya jawo kwanon ruwa ya wanke hannu, ya juyo gare ni.

"Kawu, na ci abincin. Na san don shi kuke jira. Ku gaya mini, Inna ce ko Baba?"

Na dubi dattijon, ya sunkuyar da kai. Duk tsarin da aka biya mini tun daga Kara ya watse.

"Inna ce," na ce. "Tun kafin azumi."

Ya yi salati a hankali, sannan ya ce, "Baba fa? Yana nan da ransa?"

Na ce yana nan, ƙafa ce kawai ke damunsa. A nan ne ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suka fara rawa. Ban san wanne yake yi wa kukan ba, uwar da ya rasa ko uban da aka mayar masa, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Ni dai na yi kukan ƙanwata a zauren nan fiye da yadda na yi ranar da muka binne ta.

Da ya natsu ya gaya mana sauran. Tun kira na biyu ya gane an yi rasuwa. Da muryar Inna kaɗai ta ɓace, da ya san inda zai ajiye zuciyarsa. Amma muryoyi biyu suka ɓace rana ɗaya. Yau ya wayi gari ya ce Baba ne, gobe ya ce Inna ce, wata rana ya ce hatsari ne ya haɗa su. In ya yi sallah ya rasa wa zai roƙa wa gafara, wa zai roƙa wa tsawon rai, sai ya haɗa su duka a addu'a ɗaya. Yana da abokai a unguwa da zai iya tambaya, amma ya kasa. Ranar da aka wuce da su arewa, motarsu ta ratsa tsakiyar Sokode da rana tsaka, ya hango kan layinsu, ba halin sauka. Ya ce bai riƙe kowa a rai ba, ya san don shi aka yi.

Na kira ƙanwarsa na ce ta kai wa mahaifinsu waya duk inda yake, na miƙa wa Soja tawa. Muka fita muka bar masa zauren. Ta labule na ji ya ce "Baba," sannan na ji suna maganar ƙafa da man zafi. Kafin la'asar ta yi sanyi lokacinsa ya cika. Dattijon ya ba shi busasshen kifin Mango, ya karɓa ya ce ko ba komai ba na gwangwani ba ne. Ya hau zem ya tafi.

A hanyar dawowa dattijon bai ba kowa tarihin Mango ba. Sai da muka wuce Niamtougou ya ce shi fa har yanzu yana ganin ba a faɗin irin wannan magana ta waya. Na ce ni ma ban ce a faɗa ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mun ɗauka wanda ke nesa ba ya ji sai abin da aka gaya masa. Ashe yaran nan da muke turawa hamada babu abin da suka iya kamar sauraro, da shi suke kwana da shi suke tashi. Mun so mu rage masa nauyi ɗaya, muka ɗora masa biyu, ya yi ta sintiri da su wata da watanni. In an sake zama irin wancan, zan ce a bar wa mutum muryar wanda ya rage masa.

Mun iso Sokode ana kiran magariba. Kafin in je gidana na biya in ba mahaifin Soja bayani. Na same shi a kan dakalin ƙofar gida, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, wayar tana hannunsa, ya karɓe ta daga wurin 'yar. Bai tambaye ni hanya ba, bai tambaye ni yadda aka faɗa ba. Ya ce duk watannin nan, in ya ji ta yi ƙara a tsakar gida, takalminsa yake ɗauka ya tafi masallaci ko ba lokacin sallah ba, don kada yarinyar ta zama maƙaryaciya. Sannan ya miƙo mini ita.

"Nuna mini inda ake dannawa in ya kira."