Gurbin da Kawu Ya Tsallake

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara arba'in da ɗaya yana haƙa kabari. A unguwa ba a kiransa da komai sai Mai Diga. Gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, tafin hannunsa kuma ya yi kanta har yana ɗaukar garwashi ba ya jin zafi. Bai iya karatu ba, amma babu wanda ke kwance a maƙabartar garinmu da bai san inda yake ba. In ka zo neman kakanka, gidanku kawai zai tambaya, ya shige gaba yana ƙirga taku daga gindin wata tsohuwar bishiya, ya tsaya ya ce ga shi nan.

Maƙabartar tana tsakanin unguwa biyu. Mu muna tudu, inda akwai kwalta da famfo. Mutanen gangare kuwa kakanninsu ne suka zo daga nesa aikin masaƙa. Masaƙar ta rufe, su suka zauna a kwarin da ruwa ke ci duk damina. Kowace unguwa da ƙofar da take shigo da mamatanta, don haka layukan sama namu ne, na ƙasa nasu, na tsakiya kuma a gauraye suke.

Matar Kawu 'yar gangare ce. Danginmu ba su taɓa yafe masa wannan aure ba. Shekara talatin tana gidan suna ce mata Baƙuwa, har mu yara muka ɗauka sunanta ke nan. Ba su haihu ba. Mace ce mai tsokana, takan ce duk garin nan mijinta ne kaɗai ba a yi wa addu'ar Allah ya kawo kasuwa. Da ta rasu shi ya haƙa mata da hannunsa, a layin tsakiya kusa da bishiyar. A aikinsa ba a tsallake wuri, inda layi ya kai nan ake haƙawa, amma ranar ya tsallake guda a gefenta. Kowa ya san na waye. Yakan ce wa mahaifiyata shi ya riga ya kama ɗaki, abin da ke damunsa ɗaya ne, wanda zai haƙa masa karkatacce zai yi.

Rikicin ya tashi ina shekarar ƙarshe a jami'a. Wani ya sa kwaɗo ya kulle famfon da ke bakin tudu, inda matan gangare ke ɗiban ruwa. Kwana uku ana faɗa. Aka ƙona shaguna a wajenmu, aka ƙona gidaje masu yawa a wajensu, mutum sha ɗaya suka mutu. Kawu ne ya haƙa wa duka sha ɗayan. Da ƙura ta lafa, manyan unguwannin biyu suka zauna, abin da suka yarda da shi kaɗai shi ne a raba maƙabarta da katanga. Layukan tsakiya kuma a ƙirga, wanda nasa suka fi yawa a layi shi ke da layin.

Babu mai iya wannan ƙirge sai Kawu. Ranar ya sa rigarsa mai kyau. Ya ba mu labari daga baya cewa Mai Kanti, shugaban kwamitin tudu, wanda bai taɓa amsa gaisuwarsa da kyau ba, ranar Baba yake ce masa, har ya riƙe masa lema. Kawu ya dinga bin layi yana faɗin kowa kamar yadda ya saba, wane ɗan gidan wane, daga unguwa kaza. Yana jin daɗin yadda manya suka yi tsit suna saurarensa. Su suna ƙirgawa, shi ba ya ƙirga komai.

Layin gindin bishiya kabari sha tara ne. An kai tara da tara, saura na ƙarshe. Mai Kanti ya yi sauri ya ce, “Wannan ai matarka ce, Baba. 'Yar gida ce.”

Kawu ya ce, “Matata ce. Ɗiyar mai gyaran keke ta gangare, gida na uku bayan gada.”

Haka yake faɗin kowane mamaci, da gidan ubansa. Direba, wanda ke jagorantar mutanen gangare, ya yi dariyar da ba ta da daɗi. Ya ce wa Mai Kanti tana raye baƙuwa ce, yau da ake son ƙasar da take kwance a ciki ta zama 'yar gida? Aka rubuta goma da tara. Kawu bai gane abin da ya yi ba sai da magina suka ja igiya, ya ga bishiyar da layin duka sun koma wancan ɓangaren.

Ya je wajen Mai Kanti kan maganar gurbinsa, aka bar shi a ƙofa, aka aiko masa cewa wanda ya sayar da layi guda don surukansa ya je surukan su taimake shi. Ya gangara wajen Direba. Shi ya ba shi tabarma da ruwa, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tuna masa ƙanensa yana cikin sha ɗayan nan. Ya ce ko shi ya yarda, samarinsu ba za su bar gawar ɗan tudu ta shiga ba, sai dai a jira zukata su huce. Na rubuta wa Kawu wasiƙa zuwa ga kwamitin, na kai da kaina. Ba a ba mu amsa ba.

Katangar ta fi tsayin mutum, an dasa mata kwalabe a kai. Mutanen gangare suka ɗauko nasu mahaƙin daga wani gari. Rabonsu na maƙabartar ƙarami ne, kuma da damina ta kama cutar amai da gudawa ta shiga unguwarsu.

Wata safiya na kai wa Kawu maganin ƙirjinsa a rumfarsa ta bakin ƙofar maƙabarta. Ina cikin faɗa masa yadda zai sha, ya ɗaga mini hannu. Ana haƙa a bayan katanga. Ni ƙarar diga kawai nake ji. Shi ya ce kusa da bishiya ne, wajen akwai tsakuwa zuwa gwiwa, ƙasanta kuma laushi. Ya saurara kaɗan ya ce an wuce tsakuwar.

Ya tashi, na bi shi har jikin katanga. Ya yi sallama da ƙarfi, ya tambayi ina ake haƙawa. Wata murya ta amsa cewa wani gurbi ne a ƙarshen layi babu kowa a ciki, an ce a cike duk inda aka samu, yau mutum huɗu ake jira.

Kawu ya ɗora hannunsa a kan bulo. Na ɗauka roƙo zai yi.

“Ɗan'uwa,” ya ce, “ka ja hagu kaɗan. Akwai mutum a damanka, kada ka taɓa ta.”

Mahaƙin ya ce to, Baba, digar ta ci gaba. Muka koma rumfa, ya sha maganin. Da yamma mahaifiyata ta zo tana kuka, tana tambayarsa to shi yanzu ina yake so a kwantar da shi. Ya ce duk inda layi ya kai.