Karsanar da ta komo da ƙahon bororo

Mu a gidanmu na Deule, saniya in ba azawak ba ce, ba mu kallonta sau biyu. Ja wur, gajeren ƙaho, ga nono, ga sanyin hali, ko mai tsohon ciki ta durƙusa ta tatse ta ba shuri. Da irinsu aka kai ni ɗaki, kuma ni na riƙe tsatson.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, gero bai fid da kai ba, shanuna suka ƙare, saura guda. Na ba wani Bafillace, aminin maigidana, ya yi kudu da ita neman ciyawa. Ya daɗe ƙwarai. Da ya komo, ga saniyata sumul, ga ɗiyarta biye da ita, har ta zama karsana. Na tsaya na ƙare mata kallo. Ƙafafu zaƙo-zaƙo, ƙahoni sun miƙe sama, ido tsaye kamar na barewa. Bajimin bororo ne ubanta, ba sai an gaya mini ba.

Maigida ya ce a kai ta kasuwar Tamaske tun ba ta ɓata mana iri ba. Ni ma kunyarta nake ji. Amma uwar ta tsufa, in aka sai da wagga, turkena ya mutu ke nan.

Ana cikin haka likitan dabbobi ya zo daga Buza yin allura. Na ja karsanar can baya, na ce masa ya yi haƙuri, baƙuwa ce, ruwa biyu. Ya shafa tozonta, ya yi dariya.

"Inna, wa ya ce miki baƙuwa ce? Ba ga tozo ba?"

Ya ce masu ilimin dabbobi sun bi asalin shanun duniya gida-gida. Duk mai tozo gida guda ne, da azawak da bororo da gudali. Marasa tozo, irin na ƙasar Turawa, su ne ɗaya gidan, kuma dukansu jikokin wani san daji ne da ya ƙare tuntuni. Na tambaye shi batun ɓauna, wadda kakana ke ba mu labarinta. Ya ce dangi ce ta nesa, ba ta haihuwa da saniya. Ashe akwai mutanen da suka zauna suka yi wa shanu salsala kamar ƴaƴan sarauta. Allah ya yi musu albarka.

Na kai wa maigida zancen. Ya ce to, likita ne zai riƙa tatsarta?

"Ni za ni tatsa, Malam. Ɗiyar gida ce, ba ta zuwa kasuwa."

Ta shure ni har na gaji da ƙirga, nononta kuma bai kai rabin na uwarta ba. Amma da rani, in rijiyar kusa ta ƙafe, ita ke gaba zuwa ta nesa, kai sama, ko haki babu. Duk abin da ke turkena yau daga cikinta ya fito.